Ƙwan Kunkurun Kakata

Shekarun baya da dama, lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin nazarin jikin dabbobi, na taɓa yi wa kakata tsawa a kan ƙwan kunkuru. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Amma tunda wani a cikinku ya tambaye ni dalilin da ya sa nake kiwon kunkuru a gidana alhali ko kaza ba ni da ita, bari in ba ku labarin tun daga tushe.

Aikin da malamina ya ba ni a kan wani ɗan ƙullutu ne da ke maƙale kusa da ƙoda, wanda a makaranta muke kira adirinal. Ƙarami ne ainun, amma shi ke fitar da sinadaran da ke sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa in an shiga ƙishi, shi ne kuma ke sa gabanka ya faɗi, zuciyarka ta buga, in ka tsorata. Abin da aka ce in yi shi ne in bi ɗan tayin kunkuru tun yana cikin ƙwai, in ga yadda ƙwayoyin wannan ƙullutu ke haɗuwa, daga ina suke zuwa, kuma a wane lokaci. Don haka dole in samu ƙwai wanda na san ranar da aka saka shi, in riƙa fasawa ɗaya bayan ɗaya yayin da ɗan tayin ke girma.

Ranar da malamina ya tambaye ni ko za ni iya samun ƙwan, dariya na yi. Na ce masa ni fa Bagobiri ne, a wajenmu kunkuru ba abin nema ba ne, gidaje da yawa suna ajiye irin manyan nan masu tona rami a bayan ɗaki. Har na tambaye shi kwando nawa yake so. Wannan bakin nawa ya sha ja mini, kuma har yau bai gama ba.

Sai damina ta yanke mana shekara biyu a jere. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, dawa ko kai ba ta fitar ba. Kunkuru kuwa dabba ce mai lissafi. In ta ga babu ci, sai ta shige can ƙarshen raminta ta yi shiru, maganar ƙwai kuma sai wata shekara. Shekarar farko haka ta wuce ban samu ko ɗaya ba. A ta biyu malamina ya zaunar da ni ya ce wa'adin da makaranta ta ba ni ya kusa cika. In wannan rani ya wuce ban kawo abin da za a duba ba, karatun ya tashi ke nan, shekaruna uku sun tafi.

Haka na shiga yawo a kan kabu-kabu, daga Sabon Birni zuwa Tsamaye, daga can in gangara Isa, ina sallama gida gida ina tambayar ƙwan kunkuru. Ku tuna fa lokacin mutane suna tankaɗe dusa su dama. Wani dattijo a Isa ya saurare ni har na gama, ya dube ni tun daga takalmi har hula, ya ce, "Mutane na biɗar hatsi, kai kana biɗar ƙwan kunkuru? Allah shi ba ka lahiya, ɗana." Na ce amin, don ni ma na fara zargin ina bukatar addu'ar.

Ina Sakkwato na rasa abin yi sai kawuna ya kira ni daga ƙauyenmu da ke kusa da Kurawa. Ya ce, "Tsohuwa ta ce a hwaɗa maka abokiyar tahiyatta ta hwara tonon ƙasa da ƙahwahun baya."

Tsohuwa ita ce kakata, mahaifiyar mahaifiyata. Abokiyar tafiyarta kuwa wata ƙatuwar macen kunkuru ce da ke gidan tun kafin a haife ni, da namiji ɗaya da aka kawo mata daga baya. Mun tashi mun ji ana kiranta haka, ban taɓa tambayar wace tafiya ce ba. Ni da kakata wasan jika da kaka muke yi mai zafi. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, kullum "maigida", kuma kullum tana kai ƙarata wajen maƙwabta cewa ta auri ɗan boko wanda ko gishiri ba ya kawowa. Ni kuma in ce sai ta sake haƙora sannan za ni fara cefane.

Abin da aka san ta da shi a ƙauyen shi ne hannun ƙyanƙyasa. Daga ƙauyuka ake kawo mata ƙwan zabi ta sa wa kajinta, kuma da wuya ka ga baragurbi a gurbinta. Tana ɗaga ƙwai ta kara a kunne ta gaya maka ko akwai rai a ciki. Da na isa na ga dalilin da ya sa kunkurunta kaɗai ta yi ƙwai a duk yankin. Ɓawon kabewa, busasshiyar rama, harawar da take rage wa awakinta, duk nan suke tafiya. Alwala ma a bakin ramin take yi, don kada ruwan ya zube a banza.

Da hantsin ranar da na isa kunkurun ta saka ƙwan ta rufe. Washegari da safe na durƙusa na fara tonawa da cokali, a hankali, kakata na zaune a kan turmi tana kallo. Ƙwai fari, kewayayye, goma sha takwas cif. Ina ɗagowa ina sa wa kowane alamar fensir a samansa, ina jerawa a cikin tukunyar ƙasa da na cika da yashi. Ina kai hannu ga na goma sha uku sai ta gicciya sandarta a bakin ramin.

"Tsaya nan, maigida. Sauran kason uwa na."

Na ce wane irin kason uwa kuma? Ta ce ko gurbin zabuwa aka samu a daji ba a kwashe shi duka, da ludayi ake ɗiba a bar mata wasu, in ba haka ba ta yi fushi ta bar wurin. Na ce, "Kaka, wannan zabuwa ce kike magana. Kunkuru in ta rufe ƙwanta ba ta sake waiwayarsa har abada. Ba ta ma san guda nawa ta saka ba."

"Kai ta hwaɗa ma haka?"

"A littafi yake."

"To ni ban tambaye ta ba, mai littahin ma bai tambaye ta ba. Maida ƙasa."

Na maida ƙasa ina ƙunƙuni. Ƙwai shida ke nan na yi asara saboda al'adar zabi, haka na gaya wa kaina.

Ban tafi da tukunyar Sakkwato ba. Hanyarmu in ka ɗauko ƙwai a kan babur, kafin ka kai Sabon Birni ya zama wainar ƙwai, ga wutar ɗakin bincikenmu ba ta da tabbas. Ɗakin kakata na ƙasa ne, ɗuminsa ba ya hawa ba ya sauka sosai, don haka na ajiye tukunyar a bayan gadonta. Shirina in dawo bayan mako uku, lokacin da ɗan tayin ya fara zama abin gani, in riƙa fasa biyu biyu.

Ina rufe tukunyar ta leƙo ta nuna alamar fensir ɗin da yatsa. "Wanga zane hwa, na mi na?"

Ga inda na yi kuskuren. Amsar tana bakina, kuma ba ta fi jimla biyu ba. Amma ina sauri, kabu-kabu na jirana a ƙofar gida, kuma can cikin raina na ɗauka tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ba za ta gane ba. Sai na ce, "Aikin boko ne, Kaka. Ke dai ki kula mini da su." Ta ce in tafi abina, ƙwai a hannunta ya zo gida.

Bayan mako uku na dawo da kwalabe da ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, har da sabuwar tocila. Da hantsi na shiga ɗakin na buɗe tukunyar. Alamar fensir ɗaya kawai na gani a sama. Sauran wasu suna gefe, wasu sun koma ƙasa gaba ɗaya.

Na ce, "Kaka, wa ya taɓa tukunyar nan?"

Ta shigo tana murmushi, irin na wanda ke jiran a yaba masa. "Wa za shi taɓa ta ina raye? Ni ɗai. Sahe da marece nika juya su, ko kwana guda ban yi hwashi ba. Marayu na, ba su da uwar da za ta juya su."

Bari in yi muku bayanin da na kasa yi mata. Ƙwan kaza da na zabuwa suna da wasu zare biyu a ciki da ke riƙe gwaiduwa, shi ya sa kaza mai kwanci take juya su kullum, in ma ba a juya ba sai su lalace. Ƙwan kunkuru ba shi da wannan zaren. Cikin 'yan kwanakin farko ɗan tayin yake hawa sama ya manne da ɓawo ta ciki, a nan yake shaƙar iska. In ka juya shi, gwaiduwar ce za ta danne shi ya mutu. Alamar fensir ɗin nan ba ta da wani aiki sai nuna inda sama yake. Wato duk abin da ya sa ta zama gwana a ƙwan zabi, shi ne ya kashe nawa.

Na haska su da tocila ɗaya bayan ɗaya, babu jijiyar jini ko ɗaya. Na fasa biyu don in tabbatar. Warin ya cika ɗakin. Goma sha biyun nan duk sun zama baragurbi.

Ina da zuciya, duk wanda ya san ni ya san haka, amma ban taɓa ɗaga wa kakata murya ba sai ranar. Na ce wa ya sa ta? Na ce shekara uku ina wahala ta juye mini su da hannunta safe da yamma. Na ce abin da mutum bai sani ba ya bar shi mana, ba kowane ƙwai ne na zabuwa ba. Na faɗi wasu ma da ba za ni maimaita a nan ba, kuma da ƙarfi, har matar kawuna ta bar daka ta tsaya.

Murmushin kakata ya sauka a hankali. Ta dubi ƙwan da na fasa ta daɗe, sannan ta ɗauki butarta ta ce, "Ka yi haƙuri, malam," ta fita.

Malam. Tun da na zo duniya ba ta taɓa kirana haka ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na fita na zauna a gindin bedi, wato dogon yaro, a ƙofar gida ina huci, ina lissafin yadda za ni fuskanci malamina. Kawuna ya dawo daga masallaci ya zauna kusa da ni. Ba mai yawan magana ba ne. Ya ce tun da na tafi tsohuwa ba ta kwana a ko'ina ba, ko sunan da aka yi a Kurawa ba ta je ba, wai ba ta iya barin amanar maigida. In sanyi ya yi, zanenta take lulluɓa wa tukunyar. Sannan ya ce, "Ni dai tambaya guda gare ni. Ka hwaɗa mata kada ta juya su?"

Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya shige gida.

Bayan la'asar ta aiko a kira ni. Na same ta a kan turminta a bakin ramin kunkuru. Na durƙusa na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu. "Na yahe. Zamna. Hwaɗa mani abin da kaka biɗa cikin ƙwan ga. Da Hausa, ba da boko ba."

Ban taɓa shan jarrabawa mai wuya irin wannan ba. Na yi ta kame-kame, sannan na samu bakin zaren. Na ce mata akwai wani ɗan abu kusa da ƙoda, kuma ƙwayoyi iri biyu ne suke haɗuwa su gina shi. Iri na farko a nan wurin ake haifarsu, 'yan gida ne, su ke sa jiki ya riƙe ruwa da gishiri, shi ya sa abokiyar tafiyarta take iya wata da watanni ba ta sha ba. Iri na biyu kuwa ba 'yan nan ba ne. Can baya ake haifarsu, wajen da lakar gadon baya ke tsirowa, sai su taso su ratsa jikin ɗan tayin har su iso bakin ƙoda su zauna. A jikin mutum da akuya baƙin unguwarsu daban, a tsakiya, 'yan gida sun kewaye su. A jikin kunkuru kuwa cakuɗuwa suke yi. Ni so nake in ga lokacin da suke isowa.

Ta gyara zama. "Mi ka taso su daga can?"

Na ce masana ba su gama sani ba, da alama wani abu ne ke kiransu.

"In sun iso, 'yan gida na ba su wuri?"

Na ce suna ba su, har ana ganin abin da 'yan gidan ke fitarwa yana taimaka wa baƙin su ƙware a aikinsu.

"Su baƙin, mi na aikinsu?"

Na ce su ne masu sa gaba ya faɗi, su ke tayar da jiki ya gudu in haɗari ya zo.

Ta yi wata 'yar dariya. "Dole su iya wanga aiki. Sun ga hanya."

Daga nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, ko daga bakin mahaifiyata. Na san dai asalinta daga ƙetaren iyaka ne, wajen Maraɗi, amma ban san yadda ta zo ba. Ta ce a wani fari ne da ya fi wannan muni, tana da ƙuruciya, suka taso da ƙafa ita da kakana, da goyon mahaifiyata a baya, da babbar ɗiyarta mai shekara biyar tana riƙe da bakin zanenta. A hanya yarinyar ta tsinci ɗan kunkuru bai fi tafin hannunta ba, ta ƙi yar da shi, sai aka sa mata shi a ƙwarya. Saura yini biyu su iso nan zazzaɓi ya kama yarinyar. A gefen hanya suka rufe ta, a wurin da kakata ta ce ko yau aka kai ta ba za ta gane ba. Da suka iso ƙauyen nan ba su san kowa ba, wani mai gona ya ba su ɗaki da gefen fili. Ƙwaryar kuwa ba ta ajiye ta a hanya ba.

Ta nuna ramin da haɓa. "Ɗan kunkurun nan, ita ta wagga. Shi ya sa ban yarda a kwashe mata duka ba."

Na rasa inda za ni sa kaina. Shekara da shekaru ina tsallake dabbar nan in shiga ɗaki, har na taɓa hawa bayanta ina yaro.

Sai ta miƙo mini cokalin da na yi tono da shi, ashe ta adana shi. "Tona kason uwa. Su ban taɓa su ba."

Na ce wallahi ba za ni iya ba. Ta ce ba shawara take ba ni ba. Ta ce ita ta ɓata, ita za ta gyara, kuma tana son ta ji ko baƙin sun iso. Muka yi ta ja, ita tana cewa in ɗauki shidan, ni ina cewa ko ɗaya. A ƙarshe muka tsaya a kan huɗu. Ta ce, "To bar mata biyu, ta san ba a yi mata wayo ba."

Ban motsa su daga ramin ba. Duk bayan kwana goma sha wani abu sai in zo in tone gefe, in zaro ɗaya yadda yake zaune, in maida ƙasa. Kowane zuwa sai na yi mata bayanin abin da nake yi tun daga farko har ƙarshe, ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba, har ta fara cewa na cika surutu. Amma duk tsawon ranin nan "malam" take kirana. Ta yafe, ta kuma ci gaba da dama mini fura da ɗan geron da ya rage mata, sai dai sunan ta riƙe shi. Hukuncina ke nan, kuma ban ga laifinta ba.

Allah ya taimake ni da abu ɗaya. Ƙasan ramin ya fi tukunya sanyi, don haka girman 'yan tayin ya yi jinkiri, ban makara ba. Malamina ya yi faɗa da ya ji huɗu kawai na samu, ya rage faɗin aikin, ya ce in bayyana abin da na gani kawai, kada in cika baki. A ɗakin bincike na yanka su sirara sirara na shimfiɗa a kan gilashi. Akwai wani ruwan magani da ke rina baƙin ƙwayoyin su koma launin ƙasa-ƙasa, 'yan gida kuma su tsaya fari-fari. A na farko ban ga launin ko ɗaya a bakin ƙoda ba. A na biyu sai 'yan ɗigo daga nesa. Ranar da na sa na uku a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, na gan su a jere sun gangaro, na gaba har sun kutsa tsakanin 'yan gida. A na huɗu sun gama cakuɗuwa. Na daɗe ban ɗaga kaina daga madubin ba, don ba na son abokan karatuna su ga idona.

Na gama, aka karɓi aikin. Na wanke hoton gilashi na uku babba na tafi da shi ƙauye. Lokacin an yi ruwan shuka, na farko mai kyau cikin shekara uku, duk gari yana gona. Na tarar da ita a tsakar gida da ƙwarya a gabanta. Cikin biyun da muka bari ɗaya ya ƙyanƙyashe, yana cikin ƙwaryar yana ta kokawa da ganyen lalo.

Na miƙa mata hoton. Ta riƙe shi a juye, na gyara mata, na kuma gaya mata dalili. Na nuna mata ƙoda, na nuna mata inda gadon baya yake. Ta kawo shi dab da idonta, ta nisanta shi, ta sake kawowa.

"To maigida, ina mu a nan?"

Na ɗora yatsa a kan ɗigon masu launin ƙasa-ƙasa da suka shige tsakanin fararen. Ta gyaɗa kai a hankali. "Ashe sun samu wuri."

Ta ci gaba da bin hoton da yatsa, tana komawa baya ta hanyar da suka biyo. Can gefe, nesa da sauran, akwai wani ɗigo guda shi kaɗai. Ni ban ma kula da shi ba sai da ta tsaya a kansa.

"Wagga hwa?"

Na ce tana hanya.

"Za ta iso?"

Na san amsar. Ɗan tayin nan ni na tsayar da shi da hannuna, babu abin da zai sake motsi a cikinsa. Ko a mai rai ma, ba duka ne suke isowa ba, wasu a hanya suke tsayawa. Na dubi yatsanta a kan ɗigon, na ce, "Za ta iso, Kaka."

Ta ce, "To madalla." Ta ninke hoton ta sa a ƙarƙashin matashinta.

A duk binciken nan, wannan ce ƙarya ɗaya da na yi, kuma ina jin ta san ƙarya ce. Tsohuwar da ke kara ƙwai a kunne ta gane mai rai da marar rai ba ni ne za ni ruɗe ta ba. Ta dai tambaya ne don ta ji an faɗa.

Yau kakata ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ni ma yanzu koyarwa nake yi, zuciyar kuma tana nan, ɗalibaina za su shaida. Amma abu ɗaya na daina har abada. Duk wanda ya nuna wani abu a aikina ya ce wannan na mene ne, ko ɗalibi ne, ko mai shara, ko mai gadin ƙofa, sai na tsaya na yi masa bayani, da Hausa, ko da mota na jirana. Ba don na zama mutumin kirki ba. Na dai ga abin da jimla biyu da na hana ta ja mini, na kuma ga cewa a duk waɗanda na yi wa bayanin aikin nan, har da masu manyan digiri, babu wanda ya gane shi kamar matar da na raina.

Kunkurun da ke gidana shi ne ɗan nan da ya ƙyanƙyashe. Kakata ce ta ba ni shi ranar da za ni koma, ta ce sadakinta ne take maido mini tunda na kasa cefane. Yanzu sai mutum biyu suke ɗaga shi, ya tone mini bayan ɗaki har ginin ya fara tsagewa, matata kullum tana ƙorafi. Akwai famfo a gidan, amma har yau a bakin raminsa nake alwala.